Hannun Da Ke Tsinkar Inabi: Kwana Shida a Gonakin Lardin Cape

A bakin wata tsohuwar gonar inabi da ke Constantia, bayan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ya yi wa birnin Cape Town rumfa, akwai wani ɗan hubbare a ƙarƙashin itatuwa, kusa da wani ƙaramin rafi. A nan aka binne Shaikh Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin malaman da Turawan Holan suka kamo daga yankin Sumatra a ƙarshen shekarun 1660, suka kawo su ƙarshen nahiyarmu domin raba su da mabiyansu. Nan na fara tsayawa ranar da na sauka Afirka ta Kudu. Na cire takalmi, na yi sallama, na yi addu'a. Ina fitowa sai na jiyo muryoyin mata daga cikin layukan inabi, suna hira suna dariya, ga kuma ƙarar almakashi tana tashi ƙyas-ƙyas kamar ana aski. Watan Fabrairu ne, tsakiyar girbi.

Na san mai karatu zai ce: me ya kai Bahaushiya Musulma yankin da duniya ta sani da giya? Noma ne ya kai ni. Taron masana aikin gona na halarta a garin Stellenbosch, da aka tashi sai na ƙara kwana shida ina zaga gonaki. Kwalba ba ta gabana, ban kuwa kusance ta ba. Amma inabi ɗan itace ne da Alƙur'ani mai girma ya lissafa cikin ni'imomi, yanzu haka kuma manomanmu na Kudan a Jihar Kaduna sun rungume shi. Mutanen da suka shafe fiye da shekara 360 suna nomansa ba za a rasa abin koyo a wurinsu ba, na ɗauka da na gudu.

Tarihin wannan noma yana da ranar haihuwa. A ranar 2 ga Fabrairu, 1659, Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin cinikin Holan da ya kafa zango a Cape a 1652, ya rubuta a littafinsa cewa an matse inabin farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma yanka wa kansa gonar Constantia a 1685. A 1688 Faransawa masu gudun rikicin addini suka iso, aka zaunar da su a kwarin da yau ake kira Franschhoek. Waɗannan sunaye ne za ka gani a allunan bakin hanya. Waɗanda ba za ka gani ba su ne na bayin da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya, waɗanda su ne suka sare daji suka dasa kurangar. Har yau a gonaki da dama akwai ƙararrawa rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto a gindinta. Da ita ake tada bayi da asuba.

Mata suna cikin wannan tarihi tun daga tushe. Anna de Koning 'yar wata baiwa ce, Angela, da aka kawo daga Bengal aka 'yanta daga baya. Anna ta auri wani jami'in kamfani mai suna Olof Bergh, da ya rasu a 1724 kuwa sai gonar Groot Constantia, wadda gwamna ya gina wa kansa, ta koma hannunta har ƙarshen rayuwarta. 'Yar baiwa ta mallaki gonar gwamna, amma bayi ne suka ci gaba da nome mata ita. An soke bauta a 1834, aka saki bayin gaba ɗaya a 1838, sai dai abin da ya biyo baya bai yi wa bauta nisa ba. Aka riƙa biyan ma'aikaci wani ɓangare na ladansa da giya, kofi bayan kofi daga safe zuwa yamma, tsarin da suke kira dop. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a ɓoye har cikin shekarun 1990. Tabonsa bai goge ba: garuruwan wannan yanki suna cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da ake haifa da tawayar ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha giya tana da juna biyu. Wanda bai san wannan ba, ba zai fahimci abin da zai gani a gonakin ba.

Daga Cape Town zuwa Stellenbosch tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Gari ne na fararen gidaje da manyan itatuwa masu inuwa, ruwa yana gudu a ƙananan magudanai a gefen titi, duwatsun Simonsberg da Helderberg sun kewaye shi. Yanayinsu kishiyar namu ne. Ruwan sama yana sauka ne lokacin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta, sa'annan daga Disamba zuwa Maris rana ta buɗe, ƙasa ta bushe, wata iska mai ƙarfi ta riƙa kaɗowa daga kudu maso gabas. Suna kiranta likitan Cape, tana kuma busar da raɓa daga ganye, ta rage cututtukan da danshi ke kawowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dajin da ke saman gonakin. Daga nesa sai ka ɗauka sabara ce da geza, amma masana tsirrai suna ɗaukarsa ɗaya daga cikin taskokin duniya. Ana kiransa fynbos, yankin kuma yana ɗauke da nau'in tsirrai kusan 9,000, waɗanda kashi biyu cikin uku nasu ba sa fitowa a ko'ina a bayan ƙasa sai nan. Kusan duk inabin giyar ƙasar a cikin wannan yanki ake noma shi, ke nan duk kadadar da aka ƙara wa gona, daga jikin wannan taska aka yanke ta. Wannan ne ya sa maganar noma mai ɗorewa ta kama su da wuri. A 1998 suka kafa ƙa'idojin noman inabi masu kiyaye muhalli. A 2004 aka soma wani shiri, wanda yau ƙungiyar WWF ke jagoranta, na sa manoma su keɓe wani sashe na filayensu a bar wa daji. A 2010 suka fito da hatimin da ake liƙawa a wuyan kwalba, mai lambar da za a bi a gano gonar da inabin ya fito.

Gani ya kori ji. A tsakanin layukan inabi suna shuka hatsi irin na dangin alkama da wasu 'yan uwan wake lokacin sanyi, idan sun girma a kwantar da su a bar su a wurin, su zama bargo ga ƙasa: danshi ya daɗe, ciyawa ta kasa fitowa, ruwa ya kasa kwashe ƙasa. Akwai wani farin ƙwaro mai kama da ƙullin auduga da ke yaɗa cutar naɗewar ganye. Maimakon feshi kaɗai, sai su saki wasu ƙwarin da ke cinye shi, su kuma tare tururuwar da ke gadinsa saboda zaƙin da yake fitarwa. A gonar Vergenoegd na tsaya na kalli agwagi fiye da dubu, dogaye masu tafiya a miƙe kamar 'yan fareti, suna fita aiki da safe domin cinye dodon koɗin da ke ɓarnar toho, suna barin kashinsu a matsayin taki. Tun 1984 suke wannan aiki.

A wannan fage na kiyaye gona, sunan da na fi ji a bakin manoma na mace ne: Rosa Kruger. Lauya ce da ta bar aikin shari'a ta koma noman inabi, ta shafe shekaru tana bin ƙauyuka tana neman tsofaffin kurangu da masu su ke shirin tumɓukewa saboda 'ya'yansu sun ragu. Hujjarta ita ce, kurangar da ta yi shekara talatin da biyar ko fiye a wuri ɗaya, sau da yawa ba tare da ban-ruwa ba, ta riga ta ci jarrabawar fari da zafi, saiwarta ta nutsa, ta san ƙasarta. Aikin nata ya zama ƙungiya a 2016, aka kuma samar wa irin wannan inabi hatimi na musamman domin manomi ya sayar da tsada, ya daina sha'awar sarewa. Ta kuma dage a kan koyar da ma'aikata yadda ake datse reshe ba tare da an yi wa itacen raunin da zai rage masa kwana ba. Mu dai mun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Suna na biyu shi ne Ntsiki Biyela, 'yar ƙauyen Mahlabathini a ƙasar Zulu, wadda kakarta ta raina. Ta yi aikatau kafin ta samu tallafin karatu a Jami'ar Stellenbosch, inda ta tarar ana koyarwa da harshen Afrikaans da ba ta ji, a kan sana'ar da ba ta taɓa sani ba. A 2004 ta zama baƙar mace ta farko a ƙasar da ta riƙe muƙamin ƙwararriyar mai sarrafa inabi, daga baya kuma ta kafa kamfaninta ta sa masa sunan kakar tata, Aslina. Ba sana'ar da zan yi wa 'yata sha'awa ba ce, amma ƙofar da ta buɗe ƙofa ce da aka rufe wa irinta shekara ɗari uku.

Sai dai waɗannan su ne matan da ake bugawa a mujallu. Ni kuwa muryoyin da na ji a bakin hubbare ne suka tsaya mini a rai. Saboda haka a rana ta huɗu na roƙi wata ɗaliba 'yar yankin ta raka ni wata gona, wadda ba zan ambaci sunanta ba, tun kafin rana ta fito. Ƙarfe shida ba ta yi ba wata babbar mota buɗaɗɗiya ta sauke ma'aikata, mafi yawansu mata, kowacce ta ɗaura ɗankwali ta ɗora hula a kai, ta rufe hannu da tsohuwar riga. Aka raba almakashi da akwatunan roba. Ana yanke nonon inabin ne, wato curin 'ya'yan da ke rataye, a sunkuye ko a durƙushe, a cika akwati mai nauyin kusan kilo ashirin, a kai bakin tarakta, a karɓi shaida. Yawan akwatunanki, yawan abin da za ki ƙara a kan lada.

Na bi bayan wata dattijuwa da kowa ke kira Antie, kusan yadda mu ma muke cewa Anti. Hannunta ya fi idona sauri. Ba ta daina yanka ba take amsa mini, ɗalibar tana fassarawa. A wannan gona aka haife ta, a nan uwarta ta yi aiki, a nan ta yi aure. Ta nuna mini wani layi ta ce da hannunta aka dasa shi tana budurwa. Na tambaye ta, "Antie, ke nan kin fi manajan sanin gonar?" Ta yi dariya ta ce, "'Yata, manajoji nawa suka zo suka tafi? Ni na san kurangar da ke jin ƙishirwa tun kafin ganyenta ya nuna." Na ce to wane matsayi take da shi yanzu. Sai ta ɗaga kai karo na farko ta dube ni, ta ce, "Na lokaci." Wato ma'aikaciyar wucin gadi, bayan shekara fiye da talatin.

A nan ne lissafin ɗorewa ya soma yi mini gardama. Duk dabarun da na yaba a sama hannu suke ci. Idan ka rage maganin ciyawa, wani ne zai sunkuya ya cire. Idan kana so iska ta ratsa kuranga domin ka rage feshi, wani ne zai bi reshe-reshe yana fizge toho da ganyen da suka yi yawa. Idan kana so ka gano farin ƙwaro kafin ya bazu, wani ne zai ɗaga ɓawo ya duba. Wannan wani, a mafi yawan lokuta, mace ce. Maza su ne kan tarakta da famfunan ban-ruwa, su ne kuma suka fi samun aikin dindindin mai albashin shekara. Mata ana kiransu idan aiki ya taso, a sallame su idan ya kwanta, da yawansu ma ta hannun dillalan ma'aikata ake ɗaukarsu, ta yadda mai gona bai san sunansu ba. Idan sanyi ya shigo, watanni ne na zama, a dogara da ɗan kuɗin tallafin yara da gwamnati ke bayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gidan da Antie ke ciki ma da sunan mijinta aka rubuta, domin a al'adar gonakin gida yana bin aikin namiji ne. Idan aka kore shi, ko ya rasu, ko aure ya mutu, matar tana iya wayar gari a bakin titi da 'ya'ya. An yi dokar kare mazauna gonaki a 1997, amma sai a 2016, a shari'ar Klaase, Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da cewa matar da ta daɗe tana zaune tana aiki a gona tana da haƙƙin zama na ƙashin kanta, ba a matsayin jelar mijinta ba. Ƙungiyar Women on Farms Project, mai ofishi a Stellenbosch, ta shafe kusan shekara talatin tana wannan gwagwarmaya, tare da ta neman a hana amfani da magungunan feshin da Turai ta haramta a gonakinta amma ake sayar wa Afirka. Ƙorafin da matan suka fi yi shi ne a tura su cikin layi ganye bai bushe daga feshi ba, ba safar hannu, ba wurin wanke hannu, ba makewayi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara irin waɗannan koke-koke a rahotonta na 2011.

A rana ta biyar na bi babbar hanyar N1, na ratsa ramin da aka huda cikin dutse mai tsawon kusan kilomita huɗu, na gangara kwarin Hex, inda garin De Doorns yake. Nan inabin ci ake nomawa, irin wanda ake jerawa a kantunan Ingila da Holan, wani lokaci har ya iso namu manyan kantunan. A rumfunan shirya kaya mata ne jere a tsaye, suna gyara kowane nono da ɗan almakashi, suna aunawa, suna sakawa a kwali. A gefen hanya kuwa ga unguwannin gidajen kwano inda suke kwana. Daga nan ne yajin aikin ma'aikatan gona ya tashi a ƙarshen 2012, lokacin da mafi ƙarancin lada yake Rand 69 a yini. Suka nemi 150, suka tare hanya, aka ƙona gonaki, aka rasa rayuka. A Maris 2013 gwamnati ta mayar da shi 105. Mata na sahun gaba a wannan yaji, kuma su ne suka fara ɗanɗana ramuwar gayya, domin gonaki da dama sun rage kwanakin aiki sun ƙara dogara ga dillalai.

Haka abin ya sake faruwa a farin 2015 zuwa 2018, lokacin da madatsar Theewaterskloof ta koma fili mai ƙura, aka ƙayyade wa kowane mazaunin Cape Town lita 50 a yini, aka zaftare wa manoma fiye da rabin ruwansu. Manoma sun koyi darasi: ban-ruwa na ɗigo, na'urar auna danshi, sare baƙin itatuwa masu shanye ruwan rafuka. Amma dubban ayyukan da suka salwanta na masu aikin lokaci ne. Gona ta tsira, mai tsinka ta koma gida.

Adalci ya sa in faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tun 2002 akwai ƙungiyar WIETA mai binciken yadda gonaki ke riƙe ma'aikata, tana kuma da nata hatimin. Tun Maris 2021 aka daidaita mafi ƙarancin ladan ma'aikacin gona da na sauran ma'aikatan ƙasa. Na ga gonar da ke da ɗakin renon yara da motar kai su makaranta, na ga wadda ma'aikata ke da hannun jari a cikinta, na kuma ga mace tana shugabantar ayarin masu datse reshe, maza suna bin umarninta. Masu gonakin su ma suna kuka da tsadar kaya da arhar da manyan kantunan Turai ke sayen amfaninsu. Sai dai ƙididdigar filaye da gwamnati ta fitar ta 2017 ta nuna cewa, cikin gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane, kashi 72 cikin ɗari na fararen fata ne, mata kuwa na kowane launi kashi 13 kacal suka mallaka. Wanda ba shi da ƙasa, kome iya nomansa, baƙo ne.

Abin da na taho da shi ke nan. An iya ƙirga litar ruwa da nau'in fure da yawan tsuntsayen da suka dawo, kuma ƙirga su abu ne mai kyau. Amma sanin da ke kan Antie, na wace kuranga ce ke jin ƙishirwa, shi ma dukiyar gona ne, kuma yana ƙarewa kamar yadda rijiya ke ƙafewa. Ta gaya mini 'yarta tana aiki a wani kanti a Paarl, ta kuma rantse jikarta ba za ta riƙe almakashi ba. Wa zai ga laifinta? Gonar da ke tattalin tsohuwar kuranga ta yi sakaci da tsohuwar ma'aikaciya, rabin ɗorewa ta yi.

Mu a gida inabinmu na ci ne, kuma jariri ne. Manoman Hunƙuyi da kewaye sun nuna cewa ƙasarmu tana karɓarsa, kuɗi kuma sun fara shigowa. To tun yanzu ya kamata mu tambayi kanmu abin da mutanen Cape suka makara ba su tambaya ba. Idan gonakin suka faɗaɗa, wa zai yi tsinka da gyara da shirya kaya, nawa kuma za a biya ta? Mun san yadda ake sallamar matan da ke tsinkar barkono da tumatir da roron gyaɗa a ƙauyukanmu. Wa zai koya wa mai feshi da mai shiga gona bayan feshi yadda za su kare kansu? Rijiyoyin burtsatsen da ake haƙawa, wa ke lura da zurfin da ruwa ke ƙara yi? Gonar gado da shari'a ta ba mace kasonta, tana hannunta ko tana hannun yayanta da sunan riƙo? Idan jami'an gona da masu bincike na Samaru za su horar da manoman inabi, mata nawa ne za su zauna a ajin? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, manomin inabi kuwa ya fi kowa sanin haka, domin reshen da bai ɗaure a kan waya da wuri ba, karyewa yake yi.

Da zan bar gonar ran nan, rana ta take, Antie ta zaɓo wani nono ƙarami daga tsohon layin da ta dasa, ta goge shi da gefen rigarta ta miƙo mini. Ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin fata, zaƙinsu har yana kama maƙogwaro. Na ce mata na gode, Allah Ya saka. Ta ce in gaida mutanen gida, ta sunkuya ta ci gaba da yanka, domin akwatin bai cika ba.